Yadda Farfesa Ya Gano Farin Kyankyaso

Mijin yayata direba ne. Na fara da wannan ne saboda shi ba zai taɓa gaya muku ba.

Ya yi shekaru yana tuƙa motar wata cibiyar binciken tsirrai da ƙwari. Aikinsa ya kai masana daji, ya sauke musu akwatuna, ya nemi inuwa ya miƙe har su gama. Idan hannu ya yi ƙaranci, sai a ba shi ragar kama malam-buɗe-littafi ya riƙe, kuma ina jin ta wannan riƙon ne ilimi ya shige shi ta tafin hannu. Ranar da ya yi ritaya ya dawo da gilashin ƙara girman abu mai tsaga a gefe, da tarin kwalaben da cibiyar ta zubar, da farar rigar ɗakin gwaji wadda maɓallanta suka ƙi haɗuwa a kan tumbinsa. Mai askin layinmu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Barka da sauka, Farfesa." Kowa ya ji zolayar ban da shi. Tun daga ranar, in ka kira shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa, ba ya waiwayowa.

Yaya kuwa, matarsa, ita ce ke riƙe da gidan. Tana da ɗan gidan burodi a jikin gidansu, ɗaki guda mai teburin kwaɓi da kanta ta gilashi, da tanderun bulo da aka gina dab da bangon baya. Da hannunta ta tayar da wurin, tun tana gashi a tukunya har ta kai tana kai wa makarantar unguwa burodin ɗalibai kowace safiya. Tsaftarta har haushi take ba mutane. Idan ƙuda ya yi kuskuren shiga shagonta, da kunya yake fita. A saman kantar ta rataye takardar shaidar duba-gari cikin firam, kuma kullum sai ta goge ta kafin ta wanke fuskarta. Ta sha gaya mana cewa duk ranar da aka sauke takardar nan makaranta za ta janye, shagon kuma ya mutu.

Ni ƙaninta ne. Shagona na gyaran waya yana kallon nata, bencin mai aski yana tsakaninmu, don haka kusan komai a gabana aka yi, ban da ɓarnar da aka yi a ɓoye.

A bencin nan Farfesa ya buɗe jami'arsa.

"Masanan nan da muka yi aiki tare sun cakuɗa komai," in ji shi. "Wai tumatir da taba dangi ɗaya ne. Wa ya taɓa ganin an busa tumatir? Kwanan baya ma na ji sun ɗauke gara sun kai ta dangin kyankyaso, ba su shawarci kowa ba."

"Wato kai ne ba su shawarta ba," in ji mai aski.

"Hassada ce. Duk inda za mu je ni ne a gaba, su suna baya."

"A mota."

"A motar ma."

Ya ce zai sake rabe-raben halittu daga tushe. Tsirrai ya kasa su gida uku, masu amfani da masu ƙaiƙayi da waɗanda har yanzu ba a san nufinsu da mutane ba. Ƙwari kuma akwai masu cizo, akwai masu wari, akwai masu raina mutane. Mai aski ya tambaye shi jemage fa, ya ce ƙwaro ne da ya samu wuri ya girma.

Amma ba rabe-raben ne ke hana shi sukuni ba. A cibiyar ya ga wata ƙa'ida da ta tsaya masa a rai: duk wanda ya gano sabon nau'in tsiro ko ƙwaro, shi ke raɗa masa suna, sunan kuma ya zauna a littattafan duniya har abada. Ya ce ya ga mutanen da ko tayar mota ba su iya canzawa ba an manna sunansu a jikin ƙwaro. Ya rantse ba zai bar duniya ba sai sunansa ya haɗu da na wata halitta.

Da tsiro ya fara. Ya ga wani ganye mai gashi-gashi ya fito a bakin kwatar layinmu, ya duba da gilashinsa, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, saboda haka babu wanda ya taɓa gani. Ya kewaye shi da bulo, ya kafa masa laima, ya hana matan layi zubar da ruwan wanke-wanke. Ranar da ya tara mu domin ya gabatar da shi, akuyar mai wanki ta riga mu isa. Ya tsaya a kan kututturen hannu a ƙirji ya sanar cewa nau'in ya ƙare a doron ƙasa. Ba a jima ba kututturen ya sake toho, ya yi yaɗo, ya haifi kankana. Farfesa ya ce yawun akuya ne ya gurɓata shi, daga nan ya juya wa tsirrai baya ya koma ga ƙwari.

Wata safiya yana kwashe tsofaffin kwalaye a ɗakin ajiyar gidansu, ya ɗaga wani sai ga kyankyaso fari fat, tun daga kai har ƙafa, idanunsa kaɗai ne baƙaƙe. Ya kife shi da kwalba, ya kulle a kabad, ya fito layi ba takalmi.

"Ku bar abin da kuke yi," in ji shi. "Yau tarihi ya shigo unguwar nan."

Da mun bi shi nan take, da mun gani. Amma Farfesa ba ya iya nuna abu ba tare da gabatarwa ba. Ya yi wa mai aski bayani, ya yi wa tela, ya tsare mai gyaran babur, ya bi mai sayar da ruwa har kwanar layi yana gaya masa sunan da ya zaɓa, wai Kyankyasus farfesai. Mai aski ya ce sunan ya fi kama da na maganin tari. Sai bayan la'asar ya tattara mu ya buɗe kabad. A cikin kwalbar akwai kyankyaso ja-ja-ja, mai sheƙi, irin wanda kowa ke bi da silifa.

"Kai, wannan kam ba mu taɓa ganin irinsa ba," in ji mai aski. "Sai dai a gidana da gidan kowa."

Farfesa ya juya kwalbar, ya duba ƙasanta, ya duba cikin murfin. Sannan ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"An musanya," in ji shi.

Muna nan sai ga Yaya ta shigo, ta ga kyankyaso a kabad ɗin da take ajiye kofunan baƙi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wanda ya san Yaya ya san wannan ne abin tsoro.

"Malam, ka ga katangar nan? Bayanta burodina yake. Ko ni ko su a gidan nan."

"Haba, maman yara, bincike ne."

"Ka kai binciken inda ba a cin abinci."

Ya yi mata alkawari zai kai su garejin wani abokinsa. Mu duka muka yarda, domin mun ga ya fita da kwalaye. Abin da ba mu sani ba shi ne ƙofar baya ya zagaya ya dawo. A tunaninsa farin kyankyaso halitta ce mai laushi, tana son ɗumi, kuma in ya tara baƙaƙe da yawa za su janyo fararen. Wuri mafi ɗumi a unguwar kuwa shi ne ɗan rarogon da ke tsakanin bayan tanderun Yaya da bango, wanda ake shiga ta tsakar gida, inda babu mai leƙawa tun da aka gina shi. Nan ya jera kwalayensa, ya cika su da kiret ɗin ƙwai, ya riƙa zuba musu ɓurɓushin burodi da ruwa a murfin kwalba.

Sannan ya shiga neman iri. Ya bi gidajen layi da kwalba da tsinke yana roƙon a bar shi ya duba bayan gida. Ba a taɓa karɓar mai roƙo da hannu bibbiyu kamarsa ba. Tela ta ce ya kwashe nata duka, in ya gama ma akwai na gidan surukarta.

Kuma abin ya ba shi gaskiya, ko kuma ya ba shi abin da ya fi ƙarya haɗari. Da kyankyasan suka yi yawa, kusan kowace safiya sai ya tarar da fari a cikinsu. Na biyu da ya kama sai da ya ɗauke shi hoto da wayarsa ya kawo benci.

Mai aski ya duba ya miƙa masa. "Mijin mai burodi ya kawo hoton farin kyankyaso. A fulawa ya yi birgima."

"Fulawa? Ni za ka gaya wa fulawa?"

"Ka kawo shi da rai, mu wanke shi da ruwa a gabanmu."

Farfesa ya ce ai yana nan a akwatin ƙarfe da kwaɗo, mabuɗin a wuyansa. Mai aski ya ce to a je. Farfesa ya ce tukuna, sai ya bayyana mana bambancin fari na halitta da fari na shafe. Bayanin ya ci azahar. Da aka buɗe akwatin, ja ne ke zagaya kwalbar yana kaɗa gashin baki.

A wannan karon ni aka ɗora wa laifi.

"Kai ne mai ƙananan sukurdireba," in ji shi. "Kuma kai kaɗai ke shiga gidana ba sallama."

"Farfesa, in na saci farin kyankyaso, a wace kasuwa zan sayar?"

"Ka san masu saye. Yaya aka yi ka san ana sayarwa?"

Da ya kama na uku bai yarda da kabad ba, bai yarda da akwati ba. Ya naɗe kwalbar a safa domin kada haske ya cutar da kyankyason, ya cusa a aljihun farar rigarsa, ya ɗinke bakin aljihun da zare. Da ita ya yi yawon yini yana shafa ta, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa yau ɓarawo ya ji kunya. Mai aski ya roƙe shi tun da hantsi ya fito da ita, ya ce sai jama'a sun cika. Da yamma jama'a suka cika, ya farke ɗinkin, ya zare safar. Ja ne.

Ya ƙura wa kwalbar ido har na fara jin tausayinsa. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Wannan ba aikin 'yan unguwa ba ne. Manya ne a ciki." Sannan ya tuna cewa da safe tela ta gwada masa faɗin kafaɗa, ya tafi shagonta ya kira ta 'yar leƙen asirin cibiya. Ta biyo shi da dutsen guga har bakin titi.

A tsakanin nan ne Yaya ta fara ganin baƙi. Wata safiya ta ga ɗaya a gindin teburin kwaɓi. Ta kashe shi, ta zauna a kan buhu, ta rufe fuska da gefen mayafinta. Ban taɓa ganin yayata ta tsorata haka ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ta fitar da komai waje, ta wanke shagon da ruwan zafi, ta toshe kowace kafa da siminti, ta yi faɗa da maƙwabta a kan kwata. Da ta sake ganin wani ta tare mijinta.

"Malam, ka tabbata ka kai abubuwan nan gareji?"

Ya ɗaga gawar da tsinke, ya duba da gilashinsa. "Wannan gama-gari ne, maman yara. Ba ya cikin bincikena."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Amsar da kimiyya ta bayar ke nan."

Daga nan ya fito da babban shirinsa. Tun da ɓarayi a ɓoye suke aiki, zai gabatar da farin kyankyaso a bainar jama'a, ya ɗora shi inda kowa ke gani, ya ga ta inda za a musanya. Ya ari kujerun roba da lasifika. Ya je cibiyar ya gayyato Dakta, matar da ya fi daɗewa yana tuƙawa, masaniyar ƙwari ce mai haƙuri, wadda ta amsa domin ba ta iya ce wa tsohon direbanta a'a. Ya gayyaci shugabar makaranta, wai ilimi ya shaida. Ya kuma gayyaci duba-gari, wai dole hukuma ta kasance, kuma a hukuma shi ne mai kula da sashen kyankyaso. Yaya ta ƙi a yi a ƙofar shagonta. Ya ce mata manyan mutane za su zo, su ɗanɗana burodinta, talla ce kyauta, kuma ƙwaro ɗaya ne tak a kwalba mai murfi. Ta yi ta jinjina maganar, a ƙarshe ta ce in dai kwalbar ba za ta matso kusa da ƙofarta ba.

Ranar taro sa'a ta yi masa murmushin mugunta. Da hantsi ya fito sanye da farar riga, ya hau kan benci, ya ɗora kwalba a kan wata doguwar kanta da ya kafa a bayansa, sama da kan kowa. Ya yaye ƙyallen da ya rufe ta.

Fari ne. Fari tas, yana tafiya a hankali a jikin gilashi. Mai aski ya nemi a wanke, aka ɗiga wa kyankyason ruwa, bai canza ba. Mai aski ya koma kujerarsa ya rasa abin cewa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka ba shi almakashi. Gaskiya ni ma na fara tunanin ta yaya zan nemi gafara.

Dakta ce kaɗai ta ɗaga hannu. "Baba Direba, kafin ka fara, bari in ɗan ce wani abu."

"Abokiyar aikina," in ji shi, "tambayoyi sai a ƙarshe."

Da ya tsaya a nan ya ce kowa ya tafi gida, da har yau muna kiransa Farfesa da gaske. Amma an ba shi lasifika. Ya juya wa kwalba baya, ya fuskanci jama'a, ya fara daga haihuwarsa. Ya bi ta makarantar tuƙi, ya ratsa duk dazukan da ya kai masana, ya faɗi inda kowace taya ta fashe. Ya dawo kan tumatir da taba. Ya wanke gara daga zargin dangantaka da kyankyaso. Yaya ta fito da faranti-faranti na burodi da kek, jama'a suka ci, shugabar makaranta ta ƙara yanka na biyu, duba-gari ya ce a ba shi na ɓangaren gefe mai ƙamshi.

Wajen tsakiyar labarin tayoyi tela ta zungure ni. Na ɗaga kai. Kyankyason ya koma kalar madara mai ɗan shayi. Muka zuba masa ido. Kafin a gama da gara ya zama shayi mai ɗan madara. Magana ta zagaya kujeru a raɗe, waɗanda suka miƙe za su tafi suka koma suka zauna, masu wucewa suka tsaya. Duk idanu suka koma sama, dab da kan Farfesa. Shi kuwa bai taɓa samun masu sauraro irin waɗannan ba, sai ya ƙara ƙaimi.

"Na ga jikinku ya mutu," in ji shi. "Haka gaskiya take yi wa mutane."

"Ci gaba, Farfesa," in ji mai aski, wanda ransa ya dawo. "Kada ka tsallake komai. Ba ka gaya mana tarihin rigar nan ba."

Ya ba mu tarihin rigar. Dakta ta sake ɗaga hannu, ya ce ta yi haƙuri, ita ma ta sha sa shi jira a rana. Aka je aka yi azahar ya ce kada kowa ya taɓa kantar, ya sa duba-gari gadi, ya dawo ya hau benci ba tare da ya ɗaga kai ba, domin idonsa na kan lasifikar kada wani ya riga shi.

Can ya gyara murya ya ce an zo wurin da ya fi muhimmanci.

"A ƙa'idar aikinmu," in ji shi, "ba a karɓar sabon nau'i sai an faɗi takamaiman inda yake rayuwa, domin duk masanin da ke shakka ya je ya gani da idonsa. Ko ba haka ba, abokiyar aikina?"

"Haka ne," in ji Dakta a hankali, "amma..."

"To duniya ta shaida. Kyankyasus farfesai ba ya daji, ba ya kwata. A faɗin duniya wuri ɗaya yake hayayyafa, kuma ni na raine shi da hannuna har ya yi yawan da ba ya ƙirguwa." Ya miƙa hannu ya nuna shagon Yaya. "A bayan tanderun maman yara."

Shugabar makaranta ta dubi yankan da ke hannunta, ta ajiye shi a kan cinyarta a hankali. Duba-gari ya daina tauna. Yaya tana tsaye a ƙofa da faranti, ba ta motsa ba.

"Ga shi nan, ku ƙara kallonsa," in ji Farfesa, ya juya.

Ja ne. Ja mai sheƙi, yana goge gashin bakinsa da ƙafa.

Ya kalli kwalbar, ya kalli jama'a. "Wa ya hau nan? Yallaɓai, kai na bar wa gadi!"

"Babu wanda ya hau," in ji mai aski. "Tun hantsi muke kallonsa yana nuna kamar ayaba. Mun so mu gaya maka, ka ce tambayoyi sai a ƙarshe."

Dakta ta miƙe. Ba ta yi dariya ba, kuma na gode mata. "Baba Direba, kowane kyankyaso in ya yi saɓa, ya fita daga tsohuwar fatarsa, fari yake fitowa. Kafin yini ya ƙare sabuwar ta yi ƙwari ta koma ja. Duk wanda ya zauna ya kalle shi zai gani."

"Zama kuma a yi shiru," in ji tela. "Ai shi ya sa."

Duba-gari ya karkaɗe ɓurɓushi daga rigarsa. "Farfesa, ka ce duk mai shakka ya je ya gani da idonsa."

"Yallaɓai, wannan ga masana ake nufi."

"Ni ma a wannan fannin masani ne. Mu je."

Jama'a suka bi su tsakar gida. Farfesa ya tare bakin rarogon da hannuwa yana cewa samfura ne masu daraja, a bi a hankali. Domin ya nuna yadda ake bi a hankali, ya shiga da kansa ya jawo kwalin farko. Kwalin ya sha ruwa da zafi, gindinsa ya zube. Abin da ya fito ban iya kwatanta shi ba, sai dai in ce ƙasa ta tashi tana gudu. Suka hau ƙafafu, suka shiga takalma, suka bi ta ƙarƙashin ƙofa suka cika shagon Yaya. Shugabar makaranta ta haye kujerar roba, kujerar ta baje. Mai aski ya yi tsallen da ban san yana da shi ba. Farfesa yana tsakiya da kwalba yana roƙon kada a taka fararen.

Da ƙura ta lafa, duba-gari ya shiga shagon. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa Yaya ya san tsaftarta, ya sha ba da misali da ita, amma aiki aiki ne. Ya miƙa hannu ya sauke firam ɗin. Ita ta karɓa ta zare masa takardar da kanta, domin kada ya fasa gilashin. Aka rufe ƙofa aka manna jar takarda. Shugabar makaranta ta wuce ta gefenta ba ta iya haɗa ido da ita ba, kuma mu duka mun san ma'anar hakan. Na tsaya kusa da yayata ina jin kamar in shaƙe wani.

Farfesa ya matso yana kakkaɓe riga. "Maman yara, ki duba ta wani gefen. Ƙwaro mai canza launi na gano. Wannan ya ma fi na farko."

Yaya ba ta kalle shi ba. Dakta ta juya wa.

"Dakta, don Allah in tambaye ki. A aikinku, in an daɗe ana ajiye abu a wani dangi, sai daga baya aka gane ba nan ne wurinsa ba, yaya ake yi?"

"Sai a sake dubawa, a mayar da shi inda ya dace."

"Ko da ya yi shekaru a wurin?"

"Ko da ya yi."

"Na gode."

Kafin magariba akwatin Farfesa da kwalabensa da gilashinsa suna kan babur, aka mayar da shi gidan yayansa, cikin danginsa. Ya gaya wa mai babur cewa canjin cibiya aka yi masa.

Yaya ta rushe tanderun har ƙasa, ta sake gina shi a tsakiyar ɗaki, inda za ta iya zagaya shi ta ga kowane gefe. Takardar ta dawo bayan an sha wahala. Makaranta ba ta dawo ba, kuma har yau akwai masu tsaga burodinta su leƙa ciki kafin su ci, tana kallonsu. Dattawa sun sa baki ta bar shi ya dawo gidan, amma daga ƙofar shago zuwa tanderu ƙafarsa ba ta sake takawa ba.

Burinsa kuwa ya cika, ba zan hana shi wannan ba. Ya rantse sai sunansa ya haɗu da na wata halitta har abada. Yanzu babu mai ce masa Farfesa. In baƙo ya shigo layinmu yana neman gidan, sai mai aski ya nuna da almakashi ya ce, "Gidan Farin Kyankyaso? Ga shi can. In ka tarar da shi ja, shi ne dai."